Gayyar Alƙasum Ranar Zaɓe

Zaɓen da ɗan takara ba shi da abokin karawa, za ka ce ko jaki aka ba shi ya kula da shi ba zai ɓata ba. To ba ka san Alƙasum ba.

Shekara ta biyar ke nan da samun mulkin kai aka ce za a zaɓi 'yan majalisa. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, takarda ɗaya ce a rumfar zaɓe. Ka ɗauka, ka sa a ambulan, ka jefa a akwati, ka koma gida. Abin da kawai ke hana manya barci a Tawa shi ne mutane su fito, don ranar ta faɗo tsakiyar kaka. Mutumin ƙasarmu ta Adar kuwa in hatsinsa ya nuna, tsuntsaye suna kai, ko kumandan mai mulkin yanki ne da kansa ya aiko kiransa sai ya ce a gaishe shi.

Alƙasum ɗan garinmu ne, Tudun Aduwa, arewa da Affala. Ya yi 'yan shekaru yana zuwa Kumasi ci rani, ya komo da baƙin tabarau, da shuɗiyar babbar riga, da baki. Bakin ya fi sauran kayan yawa. A faɗarsa, ba a yin zaɓe a ƙasar Gana sai an zo an tambaye shi. Waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da shi can sun ce gaskiya ne, ya taɓa shiga harkar siyasa: an ba shi sandar lasifika ya riƙe, yini guda, ta faɗo wa wani ɗan sanda a ka.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe aka tara masu gari a biro, wato ofishin jam'iyya, a Tawa. Maigarinmu Illa ya tafi, Alƙasum ya bi shi, ba wanda ya aike shi. Wakilin jam'iyya, wani siririn mutum mai suna Almustafa, ya aza akwatin radiyo sabo ful a kan tebur, ya murɗa, ya yi magana, ya kashe shi. Masu gari suka miƙa wuya.

"Garin da ya jefa ƙuri'a ba a rasa mutum ko ɗaya ba," in ji wakili, "ni da hannuna zan kai masa wannan. Kuma a gidan wanda ya fitar da mutane za a ajiye shi."

Masu gari kowa ya shiga tuna gonarsa. Sai ga Alƙasum tsaye.

"Ranka shi daɗe, a rubuta Tudun Aduwa."

"Kai ne maigari?"

"Ni ne wanda maigari ke tambaya. Ranar zaɓe ka taho da radiyon cikin mota, kada ka wahala zuwa biyu. In ka iske mutum guda bai jefa ba, ka sa a ɗaure ni."

Maigari Illa ya ja masa riga ta ƙasa har ta kusa yagewa. A hanya ya tambaye shi da wace dabara zai raba mutane da gonakinsu. Alƙasum ya ce wannan ilimin Kumasi ne, ba a faɗinsa bisa jaki.

Matarsa Zaliha ya fara faɗa wa, ita ma don ba yadda zai yi ne, hannunta yake bukata.

"Ki jiƙa hatsi. Gayya za ni kira."

"Gayyar mi, maigida?"

Tambayar kuwa tana kan hanya. Bana ya daɗe bai komo daga Kumasi ba, shukar hatsi ta wuce shi, sai dawa ya samu ya shuka a gonarsa ta kwari. Allah ya taimake shi dawar ta yi kyau, kowa ya wuce sai ya tsaya ya duba. Amma tana cikin madara, da sauran wata guda kafin ta nuna. Ita ce kaɗai abincin gidan na shekara, ba su da wata gona, ba su da wani rumbu.

"Wa ya ce maki yanka za a yi?" in ji Alƙasum. "Saurara ki ji siyasa. Kiran gwamnati ana iya kwana bisa kansa. Gangar gayya fa? Wanda ya ji ta ya zauna gida, ko ɗiyarsa sai an yi mata gori bakin rijiya. Gonarmu kuwa bakinta na jikin rumfar lakwal, makarantar boko, inda za a aje akwati. Su taru da sahe suna jiran mai gona, in hito in yi jawabi, in jera su su jefa takarda, su sha hura, in ce na yafe aikin, kowa shi koma gonarsa yana sa mani albarka."

"Hatsin hurar daga ina?"

"Wanda ya rage a rumbu."

"Shi ne za ya kai mu dawa ta nuna!"

"Zaliha, macen da radiyo ke magana a tsakar gidanta ba ta lissafin tsaba. Kuma ragon nan naki, a kai wa Sabo shi yanka."

"Ragona?"

"Ragon jam'iyya."

Ta dube shi, ta dubi rumbu, ta ce Allah ya kyauta. Ni dai na san mata da yawa da tun a nan za su ɗaure kayansu.

Washegari ya kai goron gayya ga Tanimu, sarkin samari, wanda ya iske zaune a rumfar Sabo mahauci. Sabon nan taubashin Alƙasum ne, kuma maƙwabcinsa a gona. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

"Bawana, gayyar mi kake kira?" in ji Sabo. "Jiya na bi ta gonarka, na latsa tsaba, ruwa ya hito."

Alƙasum ba ya iya faɗin gaskiya, don in samari suka ji gayyar ta bogi ce ba mai zuwa. Da ya yi shiru ma da ya tsira. Amma Alƙasum da shiru ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba.

"Kai dai fiɗar akuya ka sani. Wanga irin Kumasi ne. Ɗanya ake yanke ta, cikin rumbu take ƙarasa nuna. In aka bari ta bushe bisa kara, ta lalace."

"Ikon Allah! Ni da na ga kamar wurin gwaggo Tanna ka auno irin."

"Kwanon kawai na ara."

Mutanen da ke jiran tsire suka matso. Tanimu ya ce tun da haka ne ba za su bari ta lalace ba, za su kwashe ta kafin azahar.

"Ku?" in ji Alƙasum, yana gyara tabarau. "Samarin Tudun Aduwa? Ni na ga gayya a Kumasi, ƙasa na rawa. Ku dai ku zo a yi maneji."

Maganar ta soki Tanimu. Alƙasum na ba da baya sai sarkin samarin ya raba goron biyu, ya aika rabi Gidan Talle, ƙauyen da ke gabas da mu. Samarinsu da namu ba su ga maciji: kokawa, noma, 'yan mata, komai gasa ne. Ya ce a gaya musu ranar zaɓe akwai gayya a Tudun Aduwa, wanda ya isa namiji ya zo da wuƙarsa da makaɗinsa.

Ranar ta zo. Tun da sanyin safiya Mushe Iliya, malamin lakwal (mu Mushe muke ce wa malamin boko), wani Kirista mutumin kudu mai sanyin hali da aka ɗora wa kula da zaɓen garinmu, ya share rumfa, ya aza akwati a kan tebur, ya jera ambulan, ya zauna yana jiran jama'a.

Alƙasum kuwa yana gida gaban madubi. Ya sa babbar riga, ya cire, ya sake sawa. Yana gwada jawabi, yana tsayawa inda yake ganin za a yi tafi. A lissafinsa mutane suna can bakin gona suna jiran mai gona ya zo ya yi bisimilla, yadda aka saba. Abin da bai sani ba shi ne samarin gari biyu ne suka yi ido huɗu a bakin gonar, kowane ɓangare da makaɗinsa, ga 'yan mata sun jeru da tulunan ruwa. Waɗannan ba mai gona ba, ko liman ba za su jira ba.

Ganga ta tashi. Zaliha ta tsai da taɓarya.

"Maigida, wagga ba gangar taro ba ce. Ta aiki ce."

"Fata suke ɗumamawa."

"Guɗa nike ji."

"Ni suke ma. Miƙo mani hula."

Ya fito yana takawa sannu sannu, irin tafiyar manya, yana ɗaga wa kaji hannu. Yana hawa tudun da ke kallon kwari tafiyar manya ta ƙare. Ƙura ta tashi a gonar. Samari sun kasu layi biyu, namu ta yamma, na Gidan Talle ta gabas, suna taka kara suna kwantarwa, wuƙaƙe na walƙiya, zangarniya kore shar tana zuba. Kusurwar gonar ta riga ta zama fili.

Na ga gudu a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai babbar riga ya sauka tudu irin na ranar ba.

"Ku tsaya! Ku tsaya, don Allah!"

Wa zai ji shi? Ganga biyu suna faɗa da juna. Maroƙin da ya zo tare da makaɗin Gidan Talle ya hango mutum yana tsalle yana kaɗa hannuwa, ya ɗaga murya:

"Ga mai gona nan! Alƙasum na Kumasi! Ya ce hannunku ya yi sanyi! Ya ce ko mata sun fi ku!"

Samari suka yi kururuwa suka ƙara wuta.

Alƙasum ya cafko hannun Tanimu. Tanimu ya fizge, ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, sake ni! Na Gidan Talle sun wuce mu. In na ɗaga kai yanzu wa za ya ba ni mata garin nan?"

Sai dabara ta zo masa, irin tasa. Ya ce in ganga ta yi shiru aiki ya tsaya. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ruga ya lulluɓe gangar makaɗin Gidan Talle da ita don ya toshe mata baki.

Wayyo! A ƙasarmu mutum ya tuɓe rigar jikinsa ya aza wa makaɗi, ai ba kyautar da ta fi wannan. Guɗa ta ɓarke ko'ina. Makaɗin ya zura rigar a wuyansa, ya durƙusa, ya tashi, ya shiga dukan ganga kamar tana da laifi. Maroƙi har hawaye yake. Makaɗin garinmu ya ga an yi wa baƙo riga shi ba a ba shi ko hula ba, ya fusata, ya ce yau sai an san wa ke da gari. Alƙasum ya tsaya tsakiyarsu daga shi sai 'yar shara da wando da tabarau.

A bakin gona dattawa sun zauna ƙarƙashin aduwa, kowa da zangarniya a hannu, suna latsawa, madara na fita, suna girgiza kai. Maigari Illa ya aika aka kira Alƙasum. Duk garin shi kaɗai ne in ya ɗaga sanda makaɗa za su tsaya, kuma a lokacin fiye da rabin gonar na tsaye.

"Alƙasum, zo nan. Na girme ka, na kuma girmi ubanka a noma. Ban taɓa ganin dawar da ake yankewa haka ba. In akwai wata magana ka hwaɗa mani yanzu, in sa a tsai da ganga."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da abincin shekara. Ya dubi dattawa. Ya dubi matan da suka kewaye su. Ya dubi Sabo, wanda ya jingina da itace yana sakace, yana murmushi.

"Hwaɗi mana, bawana," in ji Sabo. "Ko kwanon gwaggo Tanna ne ya ruɗe ka?"

Alƙasum ya tura tabarau sama.

"Irin Kumasi ne, ranka shi daɗe."

"To, Allah shi sa albarka," in ji maigari, ya mai da sandarsa ƙasa.

Wallahi har yau in na tuna wurin nan sai raina ya ɓaci, dariya kuma ta kama ni.

Tun da gona ta tafi, ya ce bari ya ceci radiyo. Ya ruga rumfar lakwal. Mushe Iliya na zaune ya rafka tagumi. Tun safe gwaggo Tanna ce kawai ta zo ta jefa, sai wani tsoho da ya shigo neman inuwa aka lallashe shi.

"Mushe, tashi! Ɗauko akwati mu tahi gona."

"Akwati ba ya zuwa gona, malam Alƙasum. Mutane ke zuwa wurin akwati."

"A Kumasi akwati har kasuwa yake zuwa."

"Nan ba Kumasi ba ne. Doka ta ce a kan teburin nan zai zauna har a rufe."

"To a ɗauka da teburin!"

"Malam Alƙasum, don girman Allah, ajiye! Aikina ne za ka kashe!"

Ina! Ya riga ya aza akwatin gwamnati a ka ya yi waje. Mushe Iliya ya kwashi ambulan a ƙirji ya bi shi, yana kira, iska tana raba takardu cikin ƙaya. Alƙasum ya shiga tsakanin masu aiki yana tura musu akwati a fuska.

"Jefa! Kai, jefa!"

"In jefa mi?"

"Ina katinka na zaɓe?"

"Gayya ka kira mu, baba. Wa ke zuwa gayya da takarda?"

Wata yarinya ta ɗauka goro aka kawo, ta zura yatsa a ramin akwatin, ya maƙale, sai da aka sa mai. Wani ɗan Gidan Talle ya ce in dai dole sai an jefa wani abu, ga zangarniya. Mushe Iliya ya faɗa kan akwatin ya rufe ramin da cikinsa.

Azahar na yi, gonar Alƙasum ta zama fili fetal, ko kara ɗaya ba a bari tsaye ba. Zaliha da matan unguwa suka kawo fura da naman rago. Ta ajiye ƙwarya, ta tsaya ta dubi gonar tun daga wannan baki har wancan. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa inda take.

Samari suka sha fura a tsaye, don ba wanda ya yarda a ce garinsu ne ya fara zama. Aiki ya ƙare amma gasa ba ta ƙare ba, ga rana da saura. Sai Sabo ya taka a hankali ya tsaya kan iyakar gonarsa, inda hatsinsa ya nuna ya bushe yana jiran hannu. Ya cire hularsa ya aza wa makaɗin garinmu, wanda tun ɗazu yake kumbure. Shi ke nan. Ganga ta juya, layi biyu suka tsallaka iyaka.

"Allah shi saka, bawana!" Sabo ya ƙwala wa Alƙasum. "Hurarka, ragon matarka, hatsina. Ashe haka siyasar Kumasi take? Baɗi ma ka kira!"

La'asar sakaliya mota ta tsaya gaban lakwal. Wakili Almustafa ya fito da gardi, dogarin gwamnati, radiyo na kujerar baya an lulluɓe shi da tawul. Ya shiga rumfa: ga tebur, ga kujera, ba malami, ba akwati, ba mutum. Yana tsaye sai ga maigarin Gidan Talle bisa jaki, yana huci.

"Ranka shi daɗe, gara da na same ka! An sace mani gari! Tun sahe akwatinmu tsohuwa da makaho kawai ya gani. Samarina duk suna nan, 'yan mata sun biyo su, iyaye sun biyo 'yan mata!"

Ba su sha wahalar nema ba, ganga ta nuna musu hanya. Suka iske Alƙasum zaune a kan akwatin zaɓe tsakiyar karan dawa, Mushe Iliya na gefe muryarsa ta dushe, yana riƙe da igiyar akwatin kamar mai kiwon akuya.

Alƙasum ya miƙe ya ƙame.

"Ranka shi daɗe, barka da zuwa. Kamar yadda ka gani, na tara jama'a."

"Na gani. Nawa suka jefa?"

"Ana kan shiri."

Wakili ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya ya girgiza. Abin da ya yi motsi a ciki ko kaza ba za ta waiwaya ba. Lokacin kuwa ba lokacin wasa ba ne, ana kama mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

"Maƙiyan jam'iyya," in ji wakili, "sun yi shekaru suna neman hanyar da za su hana gari guda zaɓe, ba su samu ba. Kai ka hana gari biyu kafin la'asar, da fura. Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, ranka shi daɗe."

"Wannan gaskiya ne," in ji maigari Illa. "Tun da nike da shi ba a taɓa aikensa ba."

"Da bakinka ka ce a ɗaure ka. Gardi!"

Aka ɗaure shi aka zaunar da shi jikin tayar mota. Lokacin an ɗaure damin Sabo na ƙarshe. Sabo ya matso yana goge hannu, ya ce in wakili ya yarda a ba shi aron makaɗan nan. Ya raɗa wa kowannensu magana. Makaɗin Gidan Talle ya juya gabas cikin shuɗiyar riga, mutanensa suka bi shi da gudu don su riski akwatinsu. Namu ya bi gari lungu lungu, kowa ya faɗa ɗaki ya ɗauko katinsa, ganga ba ta tsaya ba sai bakin rumfar lakwal. Mushe Iliya ya mai da akwati kan tebur, yana karɓa yana godiya ga Allah. Kafin rana ta faɗi an gama.

Mushe Iliya ya duba takardar sunaye, ya sake dubawa, ya ɗaga kai.

"Saura mutum ɗaya."

Aka shiga waige-waige. Wa ya rage? Gwaggo Tanna ta jefa, makafi sun jefa, mai jego ma an riƙo ta ta jefa. Sannu a hankali idanu suka taru a jikin tayar mota.

"A kwance masa hannu guda shi jefa," in ji Sabo, don yanzu ya fara jin ƙamshin radiyo a gidansa.

Aka kwance. Mushe Iliya ya miƙa hannu.

"Katinka, malam Alƙasum."

Alƙasum ya shafa ƙirji. Ya shafa wando. Ya dubi gabas.

"Yana aljihun riga."

Rigar kuwa tana Gidan Talle, tana kaɗa ganga. Mushe Iliya ya ce ba kati ba ƙuri'a, kuma yau ya ga abin da ya ishe shi, ba zai ƙara taka doka ko da taɓawa ba. Ya rufe akwati ya sa kwado.

"Na ce ba a rasa ko ɗaya ba," in ji wakili. "An rasa. Radiyo ya koma Tawa."

Gari ya ɗauki ihu. Sabo ya ce a ba shi wuƙarsa. Gardi ya leƙa mota ya ce akwai matsala: ga akwatin zaɓe, ga Mushe Iliya da zai raka shi, ga radiyo. Wuri ɗaya ya rage a baya, ko radiyo ko ɗaurarre.

"A bar radiyo a tahi da shi!" in ji jama'a baki ɗaya. Tun da aka kafa Tudun Aduwa ba a taɓa samun magana da kowa ya yarda da ita irin wannan ba.

Sai Zaliha ta ratso taro ta durƙusa gaban wakili. Alƙasum ya ɗaga kai ya dubi mutane, yana nuna ta da haɓa, wato ku ga matar kirki.

"Ranka shi daɗe, tambaya gare ni. Gidan kaso ana ba da tuwo?"

"Ana bayarwa."

"Kullum?"

"Safe da yamma."

"To don Allah ka tahi da shi. Ka riƙe shi har kaka mai zuwa. Rumbuna ba ko tsaba, gonata ga ta nan kwance. In da wurin mata, ni ma ɗauko zanena kawai za ni yi."

Ba wanda ya yi dariya. Wakili ya dubi matar, ya dubi tarin ɗanyar dawa, ya dubi Alƙasum tun daga tabarau har ƙafa, kamar mai ƙiyasta abin da zai ci a shekara.

"Radiyo ba ya cin tuwo," ya ce. "Gardi, kwance shi."

Mota ta tashi. Zaliha ta bi ta da gudu har bakin rijiya tana roƙo, sannan ta komo. Mutane suka watse, kowa ya wuce ta gaban Alƙasum sai ya yi tsaki. Aka bar su su biyu a bakin gona, tarin zangarniya ya fara ɗumi yana tsami.

Alƙasum ya murza inda igiya ta ci masa hannu, ya gyara murya.

"Kin gani ko? Gwamnati ma tsoron taɓa ni take."

Zaliha ta sunkuya ta zaro zangarniya ɗaya daga tarin, kore, tana ɗigar madara, ta sa masa a hannu.

"Ga tuwon dare, maigida. In ba ka ƙoshi ba ka ƙara, akwai da yawa."